Wane satifiket zan yi in fara koyar da Pilates a kan injin sifirin a Gombe?

Wata ƙanwata daga Tunfure ce ta turo min wannan tambayar. Tana da ɗan jim na mata zalla, ta yi NCE a fannin motsa jiki da lafiya, tana koyar da erobik safe da yamma, yanzu kuma kwastomominta sun fara nuna mata bidiyon wannan injin mai kama da gado da ake kwanciya a kai ana turawa da ƙafa, wato rifoma, suna cewa ta kawo musu. Ta samu kwas biyu. Ɗaya onlayin ne zalla, sati biyu an gama a turo miki satifiket ta imel, kuɗinsa kuma ba yawa. Ɗayan watanni ne, da dala ake biya, kuma dole sai ta yi tafiya. Tace wanne zata ɗauka.

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ni fisiyo ce, wato mai gyaran ƙashi da gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki a asibiti, kuma ina koyar da Pilates, salon motsa jikin nan mai ƙarfafa tsokar ciki da baya, to bari in faɗa miki yadda nake ganin abin ba ɓoye-ɓoye. Kar ki biya ko ɗaya yanzu. Abin da ya kamata ki fara tambaya ba sunan makarantar bane, ba kuma kyan tambarin da ke jikin takardar ba, tambayar ita ce awa nawa zan yi a kan injin da jikina, awa nawa zan koyar da mutum mai rai wani malami yana tsaye yana kallona yana gyara min, kuma a ƙarshe wa zai min jarrabawar firaktikal da zan iya faɗuwa. Duk kwas ɗin da ba zai yiwu ki faɗi jarrabawarsa ba to takardar halarta kawai suke sayarwa.

Dalilin da yasa kasuwar ta cika da takardu kala-kala yana da tarihi. Mai abin, Joseph Pilates, Bajamushe ne da aka haifa a 1883, lokacin yaƙin duniya na ɗaya Ingila ta tsare shi tare da sauran Jamusawa a tsibirin Man, daga baya ya koma Amurka ya buɗe wurin koyarwa a Niyok shi da matarsa Clara, yana ta koyarwa har ya rasu a 1967. Bai bar wata hukuma da zata riƙa yaye malamai ba, ɗalibansa ne kowa ya kama gabansa yana koyar da yadda ya fahimta. Sai kuma a shekarar 2000 wata kotun tarayya a Niyok ta yanke hukunci cewa sunan Pilates ba mallakin kowa bane, sunan salon motsa jiki ne kawai. Tun daga nan duk wanda ya ga dama zai iya buɗe shafi a intanet ya buga satifiket da sunan Pilates kuma bai karya dokar kowa ba. A nan Najeriya ma babu wata hukuma da ke ba malamin Pilates lasisi, kenan babu wanda zai tsare ki a ƙofa yace ina takardarki. Wannan ba sauƙi bane a gare ki, nauyi ne, don tantancewar ta dawo kanki.

Yanzu ki duba injin kansa don ki gane me yasa nake nacewa a kan firaktikal. Akwai katifar da ke tafiya a kan tayoyi cikin firam, akwai sandar da ake dafa ƙafa ko hannu, akwai igiyoyi biyu masu madauki, sai sifirin huɗu ko biyar da ke ɗaure katifar da firam ɗin. Sifirin ba kamar ƙarfen jim bane da kilo biyar kilo biyar ne daga farko har ƙarshe, shi iya yadda kika ja shi iya yadda ƙarfinsa ke ƙaruwa, kuma idan zaki dawo shi ke jan ki, to dawowar ma aiki ce, in ba ki riƙe ba katifar ta bugi ƙarshen firam ɗin gau. Abin da ke ruɗa sabbin malamai shine rage sifirin ba kullum yake nufin sauƙi ba. Idan mace tana kwance rigingine tana tura sandar da ƙafa, eh, sifirin da yawa shine wahala. Amma ki ɗora ta a kan katifar da hannuwa a kan sanda jiki a miƙe, ko ki tsayar da ita ƙafa ɗaya a kan firam ɗaya a kan katifa tana buɗewa, a nan sifirin mara ƙarfi shine haɗari, don babu abin da ke tare katifar sai tsokar cikinta da ta cinyoyinta, in ta kasa katifar ta zame ƙafafu su rabu ko ta faɗa cikin ramin sifirin da fuska. Hajiya mai shekara hamsin da ɗoriya mai ciwon gwiwa da jiri na maganin hawan jini, wane sifirin zaki sa mata, ina zaki tsaya, hannunki na ina lokacin da take hawa da sauka, wannan ba a koyonsa a bidiyo wallahi. Kamar mutum ne ya koyi tuƙi a waya sannan ya cika mota da fasinja ya kama hanyar Biu.

Ga kuma wani abu, kalar sifirin ba ɗaya bace a duk injina. A injin kamfanin Balanced Body kore ne mai nauyi, ja matsakaici, shuɗi mara nauyi, rawaya mafi sauƙi. A na kamfanin Merrithew, masu makarantar STOTT, da kashi suke lissafi, ja kashi 100, shuɗi kashi 50, fari kashi 25. Injin Gratz na 'yan tsohon salo, wato masu bin tsarin Joseph na asali, kuwa sifirin huɗu ne duk ƙarfinsu ɗaya. Wadda ta haddace "ja biyu shuɗi ɗaya" daga bidiyo ba ta san me take nema a jikin ɗaliba ba, ranar da aka canza mata inji shikenan ta ɓace.

Ma'aunin da aka fi yarda da shi a duniya na cikakken malami shine awa 450 zuwa sama. Wannan adadin shi National Pilates Certification Program ta Amurka ke nema kafin ta bari ki zauna jarrabawarta, ita kuma ta fito ne daga ƙungiyar Pilates Method Alliance da aka kafa a 2001. Cikakken kwas ɗin ya haɗa da aikin tabarma, wato motsin da ake yi a ƙasa ba inji, da rifoma, da sauran kayan Pilates irin su Cadillac, gado mai firam a sama, da kujerar Wunda mai feda, da ganguna, wato kaya masu siffar ganga da ake lanƙwasa baya a kai. Kar adadin ya tsorata ki, ba duka a aji ake yi ba, rabawa ake yi, awannin lakca, awannin da zaki zauna kina kallon gogaggen malami yana koyarwa, awannin da zaki yi motsin da jikinki, da awannin da zaki koyar da wasu kina rubutawa a littafin da za'a sa miki hannu. Sai dai ki sani ita waccan jarrabawar ta Amurka a rubuce take, zaɓi-ka-cika, ba ta ganin hannunki, don haka ba ta maye gurbin firaktikal ɗin makarantarki, kuma ke da zaki yi aiki a Gombe ba wajibi bace a kanki, sai in kina da niyyar aiki a waje wata rana.

Ke kuma gaskiya ba cikakken nan kike buƙata da farko ba. Cadillac da kujera da ganguna ina zaki same su, ina zaki ajiye su. Abin da ya dace da ke shine tabarma da rifoma, kuma manyan makarantun sun raba karatun gida-gida yadda zaki ɗauki wannan yanzu ki ƙara wancan daga baya. Misali STOTT, na kamfanin Merrithew da ke Toronto a Kanada tun 1988, kwas ɗinsu na rifoma awa 50 ne a aji, bayan shi akwai awannin kallo da na motsawa da kanki da na gwajin koyarwa da idan aka haɗa sun fi na ajin yawa, sannan jarrabawa ta rubutu da ta firaktikal daban. Karatunsu a tsare yake sosai, littattafai masu hoto, komai da ƙa'ida, mai son a shimfiɗa mata abu tiryan-tiryan zata ji daɗinsu. Balanced Body na Sakaramento a Kalifoniya asalinsu maƙera injin ne tun 1976, su ma suna koyarwa mataki-mataki, rifoma na ɗaya na biyu na uku, yawanci a ƙarshen mako, wannan tsarin yafi sauƙi ga mai iyali da sana'a. BASI wanda Rael Isacowitz ya kafa a 1989 suna da ƙarfi a Afirka ta Kudu, motsinsu akwai kyau da gudana amma suna son jiki mai ƙwari kuma awannin da suke nema da yawa. Polestar, wanda Brent Anderson ya kafa a 1992, shi kansa fisiyo ne, to tunaninsu na gyaran jiki ne, ka duba mutum tukuna ka ga me ya gaza sannan ka zaɓa masa motsi. APPI na Landan ma fisiyoyi ne suka kafa shi kuma sun fi karkata ga ma'aikatan lafiya, in zaki neme su ki fara duba sharuɗɗan shiga. Sai 'yan tsohon salo irin Romana's Pilates, masu bin tsarin Romana Kryzanowska ɗalibar Joseph, su jerin motsin a haddace yake kamar yadda aka gada, kuma sai kin daɗe kina ɗaliba kafin ma su karɓe ki.

Ina girmama tsohon salo, amma in kin tambaye ni don Gombe, sabon salo zan ce miki, wato irin su STOTT da Balanced Body da BASI da Polestar da APPI. Ki tuna su waye zasu shigo ƙofarki. Ba 'yan rawa bane masu shekara ashirin. Mai jego ce da ta yi arba'in tana so cikinta ya koma, wadda aka yi wa CS sau uku, ma'aikaciyar banki ko sakatariya da ke wuni a kujera bayanta na ciwo, Hajiya mai sikari da likita yace ta motsa, da amaryar da saura sati uku biki. Waɗannan suna buƙatar malamar da aka koya wa yadda ake sauƙaƙa motsi da yadda ake cire shi gaba ɗaya. Don haka duk kwas ɗin da zaki ɗauka ki buɗe manhajarsa ki nemi anatomi na gaske, ba shafi uku na sunayen tsoka ba, ki nemi inda suka yi maganar mai ciki da mai jego, da rabuwar tsokar ciki bayan haihuwa wadda lanƙwasa ciki da ƙarfi ke ƙara ɓata ta, da mai raunin ƙashi bayan ɗaukewar al'ada wadda ba'a so a lanƙwasa mata baya gaba da nauyi, da mai hawan jini ko ciwon ido na gilakoma da ba'a ɗaga musu ƙafa sama su tsaya a kan kafaɗa, da mai zamewar faifan baya. In manhajar jerin motsi ce kawai da waƙoƙin da za'a kunna, ki rufe.

Af, akwai wani inji ma mai sifirin da ake kira Megaformer na Lagree, a bidiyo suna kama sosai, amma salo ne daban mai zafi da gumi kuma satifiket ɗinsa daban ne, ki tabbatar wanne kwastomominki ke nuna miki.

Dawo kan na onlayin ɗinki. Ban ce onlayin haramun bane. Anatomi, tarihi, ƙa'idojin numfashi da tsayuwar ƙugu, har da wani ɓangare na aikin tabarma, duk ana iya yinsu a waya, manyan makarantun ma suna yin wasu darussan kai tsaye ta Zoom malami na ganinki kina ganinsa. Wanda nake ƙi shine bidiyon da aka naɗa aka ajiye, ki kalla ki amsa tambaya goma ki sauke takarda, ba wanda ya taɓa ganin kin hau inji. Araha ba ta ado. Akwai wata da ta zo wurina neman aiki da irin wannan takardar, kyakkyawa da hatimin zinare, na ce ta daidaita min injin don ɗaliba doguwa, ba ta san sandar ƙafa da wurin maƙala sifirin suna matsawa ba. Ba laifinta bane, abin da aka sayar mata kenan.

Kuma ki yi hattara da masu aron suna. Mutum ya yi kwas a BASI ko STOTT ba shi ke nufin yana da izinin yaye wasu da sunansu ba, malami daban mai horar da malamai daban. Duk wanda yace miki kwas ɗinsa na wata babbar makaranta ne, ki shiga shafin makarantar da kanki ki duba jerin cibiyoyinsu da masu horarwarsu, in ba ki gani ba ki tura musu imel da sunan mutumin kafin ki tura ko sisi. Ba wai kwas ɗin gida da ba shi da babban suna ba shi da amfani bane, akwai masu situdiyo a Legas da Abuja da suka iya aikinsu kuma zama a hannunsu wata uku yafi wata takardar waje, amma su faɗa miki gaskiya cewa takardar situdiyonsu ce, ke kuma ki tambayi a ina mai koyarwar ta yi nata karatun, shekara nawa tana koyarwa, ɗalibai nawa ne a kan inji ɗaya lokacin kwas, don in ku shida ne a kan inji guda rabin kuɗinki a tsaye zaki cinye shi, sannan ki ce su haɗa ki da wadda ta gama a wurinsu tana aiki yanzu. Ki tambayi kuɗin gaba ɗaya a rubuce, da littattafai da kuɗin jarrabawa da na sake zama in an faɗi, da wa'adin da suka bayar na kammala awanni, da kuma ko takardar tana buƙatar sabuntawa, don manyan suna so ki riƙa ƙaro karatu lokaci-lokaci kafin sunanki ya ci gaba da zama a jerinsu, shi ma da dala.

Babbar matsalarki ba ma kuɗin kwas bace, awannin nan ne. Kin je kin yi kwana goma a aji kin dawo Tunfure, a ina zaki yi awannin kallo, a kan wane inji zaki yi na jikinki. Da yawa a nan suke maƙalewa, sun biya sun halarta amma wa'adin jarrabawa ya wuce ba su cike littafi ba. To tun kafin ki biya ki tambaye su ko suna karɓar kallo ta bidiyo, da ko zaki iya naɗar kanki kina koyarwa ki tura a duba, ki kuma lissafa tafiyar da gaske, Gombe zuwa Abuja wuni guda ne a mota, ga masauki ga abinci ga jim ɗinki da zai zauna ba ke, ga maganar maigida da yara da wanda zai raka ki in tafiyar ta kai Afirka ta Kudu ko Dubai, inda cibiyoyin manyan makarantun suke. A zauna a gama wannan maganar a gida tukuna, kuɗin kwas galibi ba'a mayarwa.

Da nice ke ga yadda zan jera abin. In fara zuwa Abuja a matsayin ɗaliba kawai, in biya in hau injin a hannun malamai daban-daban har jikina ya san shi, makarantun kirki ma suna son ki zo da wannan gogewar kafin ki shiga. Sannan in yi kwas ɗin tabarma da anatomi a makarantar da nake da niyyar yin rifomarta, don kar in zo daga baya ace sai na maimaita. Shi tabarma gobe-gobe zaki fara koyar da shi a jim ɗinki ba tare da kin sayi komai ba, yana kawo kuɗi, yana koya miki kallon jiki da iya magana, yadda zaki ce wa mace ta ja numfashi zuwa haƙarƙari ko ta sauke kafaɗa da Hausa ko Fulatanci ta gane nan take, wannan kuma ba makarantar da zata ba ki shi, ke zaki ƙera kalmominki. Daga ribar nan sai rifoma.

Injin kuma kar ki saya kafin kwas, amma ki shirya ya iso dab da gama ajin don ki yi awanninki a kai. Sabo na manyan kamfanoni dubban daloli ne kafin kuɗin jirgi da kwastan, akwai na Chaina masu sauƙi, wasu da kyau wasu kuma tayoyin ke fara ƙara cikin 'yan watanni, abin dubawa shine nauyin mutum nawa yake ɗauka, ko sandar ƙafa tana kullewa da kyau, da ko zaki samu sifirin da igiya na canji. Dan Allah kar ki kai wa mai walda hoto ya haɗa miki da sifirin mota ko na gado. Daɗin abin dai ba ruwansa da NEPA. Abokin gabansa a wurinmu ƙura ce, lokacin hunturu sai kin goge layin tayoyin kullum kin rufe shi da zani in an tashi, zafin Maris da Afrilu kuma yana fasa ledar katifar in rana na dukanta ta taga. Sifirin ana dubawa akai-akai, wanda ya fara buɗewa ko ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa a cire shi, Balanced Body ma cewa suke a canza su duk shekara biyu, don in ya tsinke a miƙe yana iya yi wa mutum rauni. Ki kuma sa dokar kaya tun ranar farko, tunda mata ne zalla ba dogon hijabi ko siket ko gyale a kan inji, suna shiga taya da sifirin, wando da riga masu kama jiki daidai, hula ko ɗankwali a ɗaure tam, da safa mai roba a tafin.

Inji ɗaya ko biyu ya ishe ki farawa, mutum ɗaya ko biyu a lokaci guda. Ajin mutum goma da kike gani a Instagram sai malama ta goge sosai, ido biyu ba sa tsare katifa goma.

Sai iyaka. Ko wane satifiket kika samu bai mayar da ke fisiyo ba, a Najeriya masu wannan aikin hukumar MRTB, wato Medical Rehabilitation Therapists Board, ce ke musu rajista, don haka kar ki rubuta a allonki ko a status cewa kina maganin ciwon baya ko shanyewar ɓarin jiki. Ki yi fom da kowace sabuwa zata cike, ciki, haihuwa ta ƙarshe, tiyata, hawan jini, magungunan da take sha. Wadda ciwon bayanta ke sauka ƙafa da dindiris ko rashin ƙarfi, ko mai jiri, ko wadda aka yi wa aiki kwanan nan, ki tura ta sashen fisiyo na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na ƙwararru ta dawo miki da izini, ki ma je ki gabatar musu da kanki, su ne zasu riƙa turo miki waɗanda suka sallama suna buƙatar ci gaba da motsi. Ki haɗa da kwas ɗin taimakon gaggawa da farfaɗo da numfashi, Red Cross na yi. Masu zuwa don rage tumbi kuma ki faɗa musu tun ranar rajista cewa injin zai ƙarfafa tsokar ciki da baya ya gyara tsayuwa, amma kitse ba ya narkewa daga wuri ɗaya don an motsa wurin, sai an haɗa da abinci da tafiya, erobik ɗinki ma kar ki daina shi.

Shi wancan kwas na dala ki turo min sunan makarantar da manhajar da yadda suka raba awannin, in duba miki kafin ki biya kafin alƙalami.